Wai da gaske masana kimiyya duk sun daina maganar Mahalicci?

Dan_Fizis:
Salam 'yan uwa. Wani abokina a ajinmu kullum sai ya ce wai tunda aka gano Big Bang (ra'ayin cewa sararin samaniya ya faro ne daga wani yanayi mai tsananin zafi da matsi, sannan ya yi ta faɗaɗa) shikenan, babu masanin kimiyya da ke ganin akwai mai hikima a bayan samuwar duniya. Wallahi abin yana damuna, don Allah masu sani a taimaka.

Malam_Habu:
Wa alaikas salam ƙanena. Ka ce masa ya koma tarihi. Georges Lemaître, ɗan Beljiyam da ya kawo lissafin faɗaɗar sararin samaniya a 1927, fada ne na cocin Katolika. Shi kuma Fred Hoyle na Ingila da ya raɗa wa abin suna Big Bang a rediyon BBC a 1949 bai ma yarda da shi ba, kuma ba mai addini ba ne. To a 1953 Hoyle ɗin nan ya lissafa cewa sinadarin kabon, wanda da shi aka gina jikinmu, ba zai samu da yawa a cikin taurari ba sai in ƙwayarsa tana da wani matakin ƙarfi wajen 7.65 MeV (ma'aunin ƙarfi ne a fizis), aka auna a jami'ar Caltech a Amurka aka same shi kusan daidai wurin da ya faɗa, abin ya girgiza shi har daga baya ya rubuta cewa kamar wani babban hankali ne ya sa hannu a dokokin fizis. Bai shiga wani addini ba fa, amma ya bar ƙofar a buɗe.

Ummu_Hanan:
Haka ne Malam, amma mu bi a hankali. A 1951 Fafaroma Pius na 12 ya nuna kamar Big Bang ya tabbatar da halitta, Lemaître da kansa bai ji daɗi ba, don ya san binciken kimiyya yana iya canzawa gobe. Ni na fi natsuwa da hujjar Imam Gazali, duk abin da yake da farko dole akwai wanda ya samar da shi.

Dan_Fizis:
Na gode Malam, na gode Hajiya. Na san zai ce ai duniyoyi ne barkatai tamu ce kawai ta dace da rayuwa.

Malam_Habu:
Wasu masana na faɗin haka da gaske, kar ka raina shi. Amma tambaye shi ko an taɓa hango ko ɗaya daga cikinsu, kuma su ɗin daga ina suka fito.