Waɗanda suka taɓa girke lasifikar silima a falo, ku zo mu ji yadda ta kaya

Mai tambaya, Kaduna:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wani gidan biki a nan garin zai sauya kayan sautinsa, sai aka yi mini tayin lasifika biyu irin waɗanda ake ajiyewa a bayan allon silima, JBL 4675. Kowace ɗaya akwati ce mai wufa (faifan da ke fitar da sauti mai nauyi, wato bes) biyu 'yan inci 15, ga kuma ƙaton ƙaho a kanta wanda bakinsa ya kai kusan santimita 80. Falona mita 5 ne a faɗi, 7 a tsawo. Abin da na fi saurara karatun Alƙur'ani ne da waƙoƙinmu na gargajiya, sai fim a ƙarshen mako. Ni ba ƙara nake nema ba, murya nake so ta fito tas. Don Allah wanda ya zauna da irinsu a gida ya faɗa mana abin da ya gani.

Mai gyaran kayan sauti, Sabon Gari, Kano:
Wa alaikumus salam Malam. Wannan sana'armu ce, kuma akwai irinsu a ɗakina na ciki, da su nake gwada kayan mutane. Abin da zai fara ba ka mamaki shi ne ba ta cin wuta. Da wat 1 kacal tana ba da kusan desibel 100 (ma'aunin ƙarfin sauti) a nisan mita 1, alhali sifikun gida da ake sayarwa a kanti yawanci ba sa wuce 86 zuwa 88. Duk ƙarin desibel 3 ninkin wuta ne, ka ga ke nan abin da wannan za ta yi da wat 1, waccan sai ta sha kusan wat 20 kafin ta kamo ta. A falo da daddare da wuya ka wuce wat 1 ko 2. Shi ya sa sautin yake fita a sake, babu maƙura, domin faifan wufar da ƙyar ma za ka ga yana motsi.

Amma kada ka ba da ko sisi sai ka kwance yunit ɗin da ke bayan ƙahon, wato abin da ke fitar da muryar. Na wannan samfurin yawanci JBL 2446 ne, maƙogwaronsa inci 2, faifan ciki na titaniyam ne mai inci 4. Kayan da suka sha aikin biki da wuya ka tarar da faifan asali a ciki, don masu kiɗa suna ƙona shi su sa na jabu. Na jabun zai yi magana, amma da kaifi, harafin "s" har yankar kunne yake yi. Sannan ka sa yatsunka kewaye da tsakiyar wufar ka danna a hankali. In ka ji ƙaras-ƙaras, koyil, wato naɗin wayar da ke motsa faifan, yana gogar maganaɗisu, a rage maka kuɗin gyara.

Ma'aikaci a Abuja:
Ni dai shawarata ka auna falonka da kyau tukuna. Na taɓa sayen irin waɗannan, na wani kamfani daban, na shigar da su falon gidan haya da bai wuce mita 4 ba. Tazarar kujerata da su ba ta kai mita 3 ba. Idan mutum yana magana a fim, sai ka ji muryar daga sama wajen silin, nauyinta kuma daga ƙasa wajen gwiwa, sun ƙi haɗuwa. Ga ƙasan tayil ne, bango siminti, taga babu labule mai kauri, duk abin da ya fito sai ya dawo maka. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne huci. Ko ba ka kunna komai ba, kana jin "ssss" daga ƙahon har daga bakin ƙofa, ga fankar amfilifaya tana nata. Da daddare in gari ya yi shiru ba ka iya jurewa. Daga baya na sayar wa wani mai gidan kallon ƙwallo, kuma wallahi a can suna aiki lafiya lau, don rumfarsa doguwa ce.

Injiniyan lantarki, Zariya:
Yallaɓai na Abuja, duk abin da ka lissafa gaskiya ne, kuma ban da ƙanƙantar ɗaki, sauran suna da magani. Hucin nan daga amfilifaya da miksa yake, lasifikar tona shi kawai ta yi. Yunit ɗin ƙaho ya fi wufa saurin ji da kusan desibel 10, wato yana kaiwa wajen 110 da wat 1. In ka haɗa shi da ƙatuwar amfilifayar taro mai wat ɗari biyar, duk wata ƙazantar da ke cikinta sai ta fito fili. A gidana na ware wa ƙahonin ƙaramar amfilifaya marar fanka, babbar kuma na bar wa wufa. Tsakaninsu na sa na'urar raba sauti, DCX2496 ta Behringer, na yanka a haz 500 (ma'aunin kauri da sirantar sauti) kamar yadda aka tsara su, na ƙasa ya tafi wufa, na sama ya tafi ƙaho. Siginar da ke shiga na'urar na bar ta da ƙarfi, na rage daga wajen amfilifaya. Hucin ya tafi, sai ka kanga kunne a bakin ƙahon kafin ka ji shi.

Akwai kuma batun lokaci, wanda mutane da yawa ba sa lura da shi. Ƙahon yana da zurfi, yunit ɗinsa yana can baya, sauti kuwa santimita 34 yake ci a kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. In ba a daidaita ba, ɗaya zai riga ɗaya isowa kunnenka. Wannan tsohuwar matsala ce. A shekarun 1930, a kamfanin fim na MGM a Amurka, an lura cewa idan mai rawa ta buga ƙafa sau ɗaya, a zauren kallo sau biyu ake ji, saboda ƙahon bes ya fi na murya tsawo sosai. John Hilliard da Douglas Shearer suka duƙufa a kai, James Lansing ya ƙera musu yunit, aka fito da sabon tsari a 1935 wanda har ya samu lambar yabo. Kusan duk lasifikar silima mai wufa a ƙasa da ƙaho a sama daga nan ta samo asali. Yau kuwa maɓalli ne a na'ura, ka jinkirta wufar kaɗan har su zo tare.

Wani abu kuma, ƙaho mai faɗin baki irin 2360, wanda ke kan waɗannan lasifikun, an yi shi ne ya watsa sauti daidai wa daida, digiri 90 a faɗi da 40 a tsaye, kuma irin wannan ƙira sai an ɗaga masa siririn sauti na can sama da ikwalaiza. In ba a yi ba, za ka ji shi a dushe. Sai dai a silima ana ƙara wani ɗagin saboda allon da ke gabansa yana cinye wani abu, kai kuma ba ka da allo a gaba, don haka kada ka kwafi saitin gidan bikin.

Mai tambaya, Kaduna:
Allah ya saka da alheri. Kujerata tana iya komawa baya har mita 5. Injiniya, ashe sai na tanadi amfilifaya biyu ke nan?

Injiniyan lantarki, Zariya:
Mita 5 ta isa, a nan sautin ya riga ya haɗu. Ka ɗan sunkuyar da ƙahon ya kalli kunnenka kana zaune. In akwai akwatin raba sauti nasu na asali, amfilifaya ɗaya ma za ta yi, amma biyu ta fi.

Dattijo daga Fagge:
'Ya'yana, kun tuna mini da zamanin da muke zuwa Plaza da Orion da El Dorado kallon fim ɗin Indiya. Gidajen silima na da a Kano da yawansu fili ne babu rufi, mutum ɗari-ɗari a zaune, amma na can baya yana jin kowace kalma. Aikin da aka ƙera ƙaho dominsa ke nan, ya jefa murya nesa ba tare da ta wargaje ba. Ɗana ne ya haɗa mini guda biyu a zaure bayan na yi ritaya, kuma ni da ƙasa-ƙasa nake jin kayana. Abin da ya burge ni shi ne kalangu. A ƙananan sifiku, in makaɗi ya buga sai ka ji dum kawai. A nan kuwa kana jin saukar makaɗin a kan fata, sannan ka ji yadda ya matse tsarkiya a hammata muryar gangar ta hau. Kukuma ma haka, har gogar izgar kana ji. In kuma karatu ne, numfashin mai karatu tsakanin aya da aya yana fita, maddi da gunna duk a sarari. Kunnena ya fara nauyi, amma da waɗannan ba na cewa a ƙara mini.

Tsofaffin kaset ɗin da aka naɗa ba da kyau ba, su kam ba ta rufa musu asiri. Duk ƙura da shashsheƙar da ke ciki za ka ji.

Uwargida, Katsina:
Bari in sako baki ta ɓangaren masu gida, tunda maigidana yana da su. Malam, ka yi shawara da iyalinka tun kafin mota ta sauke kaya, domin kowace ɗaya girman firji gare ta, kuma kusurwa biyu na falo sun tafi ke nan. Mu sai da aka cire ƙyauren ƙofa kafin su shiga. Da aka shimfiɗa kafet mai kauri aka sa labule ninki biyu, ni kaina na ji bambanci, yanzu labarai ma da su nake ji ina kicin. Abin da nake tsoro shi ne yara. Sautin ba ya fashewa ko an murɗa, sai su yi ta ƙarawa ba su san sun wuce iyaka ba. Wata 'yar'uwata ma'aikaciyar jinya ta faɗa mini desibel 85 ne ake ƙayyade wa ma'aikaci na awa 8, kuma duk ƙarin 3 lokacin rabi yake komawa. Sai na sa maigida ya kulle iyakar ƙarar daga cikin na'ura, ya kuma ɗaure ƙahonin da ƙusa a jikin akwatin don kada yaro ya ja su faɗo masa.

Ɗan Sakkwato a Ingila:
Nawa tsofaffi ne, Altec A7, daga dangin da ake kira Voice of the Theatre waɗanda suka fara fitowa a 1945. Wufa ɗaya mai inci 15 a cikin gajeren ƙahon katako, da ƙahon ƙarfe 511B a sama. Amfilifayar kwalba ce mai wat 8 take tuƙa su, kuma ban taɓa kai ta rabi ba. A Japan akwai shagunan shan gahawa da mutane ke zuwa musamman don sauraren faifan jaz a kan irin waɗannan, kowa ya yi tsit. Abu biyu zan gaya maka. Ƙahon ƙarfe yana amo, in ka ƙwanƙwasa shi da yatsa za ka ji yana ƙara kamar kwanon sha, sai na liƙa masa roba mai nauyi ta baya ya lafa. Na biyu, girman akwati ba ya nufin bes mai zurfi. Nawa daga wajen haz 50 yake fara janyewa, domin a silima ma akwai akwatunan bes daban. Ga karatu da gargajiya ba ka rasa komai ba, amma in kana son girgizar fim sai ka ƙara sabwufa, wato akwatin bes na daban, kuma babba, don ƙarama ba za ta iya binsu ba.

Mai gyaran kayan sauti, Sabon Gari, Kano:
Saura abu biyu da suka shafi ƙasarmu. In za ka haɗa yunit kai tsaye da amfilifaya, sa masa kafasita a layi, wato ɗan abin lantarki da ke tare bugun wuta. Ɗauke wuta da kawo ta, ko sauyawa zuwa janareta, yana aika bugu ɗaya "ɗas" wanda ya isa ya yaga faifan. Kullum amfilifaya ce ƙarshen kunnawa, ita ce kuma farkon kashewa.

Sai zanzaro. An taɓa kawo mini ƙaho wai murya ta mutu a gefe ɗaya, na haska tocila a maƙogwaron sai ga ginin laka ya toshe ragar gaba ɗaya, har da tsutsotsin da ya tara wa 'ya'yansa. Na kankare da tsinke a hankali bakin ƙahon yana kallon ƙasa, don kada ɓarɓashin ya faɗa ratar koyil. Ka samu siririn yadi baƙi irin wanda iska ke ratsawa ka rufe bakin, zai tare zanzaro ya kuma rage ƙurar hunturu. In ka je ganin kayan, tafi da tocila da sukundireba, ka turo mana hoton lambar da ke jikin faifan kafin ku yi ciniki.