Abin da aka faɗa wa ɗan wasan gajerun finafinai a fada

Daren jiya a fadarmu, wato majalisar hira da shayi, ta unguwar Zariya, nan Maradi, wani ƙanenmu mai fitowa a gajerun finafinai na abota da sanin asali ya nemi shawara. Shayi ya kai na uku ana ta magana.

Inda aka fi daɗewa shi ne harshe. Wani babban yaya ya ce masa: "Ƙanena, daina kwaikwayon bakin Kano. Fim a kan asali kake yi, to a ji Katsinancin Maradi a bakinka." Ni ma nan na tsaya, don abokai biyu da ke gardama a kan tabarma ba sa magana kamar masu karanta labarai a rediyo.

Aka ce ya riƙa zama da abokin wasansa kafin ɗauka, su ci tuwo kwano ɗaya, domin kyamara ba ta ɓoye baƙunta.

Batun kuɗi, gajeren fim ba ya ciyar da gida, kada ya saki ɗinkinsa. A yi yarjejeniya a rubuce, ko jika biyar ce.

Wani ya tuna masa cewa Umaru Ganda, mai shirya finafinai ɗan Nijar, da wasa ya fara, kafin ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka, a Wagadugu a 1972.