Baffa na son in gaji kujerarsa ta depite, in sayar da shago?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da shaguna biyu na atamfa a babbar kasuwar Maraɗi. Ƙanin mahaifina ya ci depite, wato ɗan majalisar dokokin Nijar, a zaɓen 27 ga Disamba 2020, bai kai ga cika wa'adi ba sojoji suka karɓi mulki ranar 26 ga Yuli 2023, majalisa ta watse. Yanzu ga tsufa ga ciwon suga, ya ce shi ya gama, ni zan riƙe masa mutanensa na ƙauyukan Madarunfa. So yake in sayar da shago guda in sayi motar shiga daji, in dinga zuwa gaisuwar mutuwa da suna da ɗaurin aure tun yanzu, kafin a buɗe fagen siyasa. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu, ba na iya kallon idonsa in ce a'a. Mene ne abin yi?

Wani tsohon malamin lakwal:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kujerar depite ba gona ba ce da za a raba gado. A tsarin da muka sani, in ka cire 'yan mazaɓu na musamman, talaka ba sunanka yake dangwala wa ba, jam'iyya yake zaɓa. Kowace jam'iyya ta kawo lis ɗinta na jihar Maraɗi baki ɗaya, a ƙirga ƙuri'u, a raba kujeru gwargwadon abin da kowa ya samu. Wa zai shiga lis, wa zai zauna cikin waɗanda suka shiga, wannan magana ce ta uwar jam'iyya. Ga kuma dokar kason jinsi da aka ɗaga zuwa kashi 25 cikin ɗari a 2019, dole a bar wa mata gurbinsu. Ka duba 2020: cikin kujeru 171, PNDS Tarayya ta kwashe 79, CPR Inganci ta samu 8. Baffanka da inuwar jam'iyya ya shiga. To a watan Maris 2025 an rusa jam'iyyun duka, an ɗebar wa mulkin riƙon ƙwarya shekara biyar. Wace inuwa za ka saya wa mota? Ko dokar zaɓen da za a yi aiki da ita ba a gani ba tukuna.

Wata Hajiya daga unguwar Zariya:
Malam ya yi maka bayanin takarda, ni bari in yi maka na cikin gida. Maigidana supleyan ya yi, wato mai maye gurbin depite in ya tashi, ko zama majalisar bai yi ba, tunda mai kujerar bai samu minista ba balle ya tashi ya ba shi wuri. Amma kafin a sallame sallar asuba zaure ya cika. Wannan ya miƙo takardar magani duk ta naɗe don zufa, wancan matarsa ta haihu babu rago, wani kuɗin mota kawai yake so ya koma Gidan Rumji. Tukunyar da nake ɗorawa ta mutum goma sai da ta koma ta gidan biki, buhun shinkafa ba ya kwana da yawa. Ka ba mutum jikka biyu ya fita yana cewa an ci kuɗin ƙasa an ba shi ragowa. Kuma wallahi ba laifinsu ba ne, babu ce. Aikin depite shi ne yin doka da amincewa da kasafin kuɗi da tuhumar ministoci, amma wa zai tsaya ya ji wannan yaronsa na kwance a likita? Ranar da ka fara zagayen nan, ranar zaurenka zai buɗe, kuma babu albashi. Ka tambayi iyalinka tukuna, ita za ta sha hayaƙin.

Wani matashi ɗan kabu-kabu:
Haba Hajiya, in kowa ya gudu wa zai yi? Shi ya sa kullum fuskokin nan dai muke gani. Alhaji ka shiga, muna bayanka.

Malamin ya dawo:
Ba cewa muka yi kada ya shiga ba, yaro. Ya shiga da ƙafarsa, ba da jarinsa ba. Tun 1993 majalisa nawa ta cika shekara biyar ɗinta? Mahamman Usman ya rusa ta farko a 1994, Ba'are ya kawar da ta biyu a Janairu 1996, wadda ta biyo ta tafi da juyin mulkin 1999, Tanja ya rusa wata a Mayu 2009 lokacin tazarce, wadda aka kafa bayanta ta faɗi a Fabrairu 2010. Wanda ya bar sana'a saboda kujera, ranar da aka karanta sanarwa a rediyo sai ya rasa inda zai zauna da hantsi. In da gaske yake, ya fara daga kwanseye na komin, wato kansilan ƙaramar hukuma. Kasum Muktar ma magajin garin Maraɗi ya fara yi kafin ya zama minista.

Wani dattijo daga Tibiri:
Ku duk kun tsallake wurin da ya fi yi masa nauyi. Kada ka ce wa Baffa a'a, kada kuma ka je kai kaɗai. Ka samu amininsa ko limamin unguwa, ku je bayan isha'i. Ka ce ka karɓi amanar mutanensa, gaisuwa da jaje za ka riƙa zuwa a madadinsa, wannan zumunci ne ko babu zaɓe. Maganar shago kuwa ka roƙe shi a jinkirta har a ga dokar zaɓen. Ka tuna masa maganinsa na wata-wata daga wane aljihu yake fitowa, amma a bakin aminin, ba naka ba.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Akwai wani abokin Baffa tun suna fataucin Jibiya, Juma'a zan je wurinsa. Hajiya, in babu damuwa zan turo maki iyalina ku yi magana. Zagayen kuma babur ɗin yaron shagona ya isa.