Gidaje ga marasa matsuguni: bayan kuɗin gini, sai me?

Binta:
Assalamu alaikum. Idan ƙungiya ta samu kuɗin gina ɗakuna ga iyalai marasa matsuguni, har da masu taɓin hankali da masu fama da shaye-shaye, kuɗin ginin ya wadatar? Ko akwai ɗawainiyar da za a nemi kuɗinta tun kafin a aza harsashi?

Sani:
Wa alaikumus salam, Malama Binta. Bai wadatar ba. Asusu uku ne, kada a gwamutsa su: kuɗin fili da gini, wanda sau ɗaya ake kashewa, kuɗin tafiyar da gidan duk wata, wato ruwa, wuta, inshora, gyara da mai gadi, sai albashin ma'aikatan da ke bibiyar lafiya da halin mazauna.

Giɓin na biyun yakan ɓoye. A Amurka mazaunin irin wannan gida na biyan kashi 30 cikin ɗari na abin da yake samu, tallafin haya irin na Section 8 ya cike ragowar. In babu wannan tallafi, hayar mai ƙaramin ƙarfi ba za ta riƙe gini ba, gyara ne kuma zai fara tsayawa. Ku ware ajiyar kuɗin tafiyarwa na aƙalla wata shida tun a kasafin farko.

Rabi:
Malam Sani ya yi daidai, amma ni na ukun ya fi damuna. Tsarin rangwamen haraji da Amurka ta kafa a 1986, LIHTC, yakan ɗaure ginin shekara 30 yana na masu ƙaramin ƙarfi. Kuɗin Continuum of Care, wato shirin tallafa wa marasa matsuguni na ma'aikatar gidaje ta Amurka (HUD), kuwa, galibi shekara-shekara ake sabunta shi. Kin ga gini na nan daram, ma'aikaci bai san makomarsa ba.

Masu ciwo mai tsanani na bukatar ma'aikaci ɗaya ga mutum 10, masu dama-dama ɗaya ga 15 zuwa 20. Da kuɗi ya yanke, sai a jibga wa mutum ɗaya iyalai da yawa. Ziyara ta ragu, a daina shan magani, bashin haya ya taru, maƙwabta su yi ta ƙorafi, a ƙarshe a tashi mutumin da aka gina ɗakin dominsa. Abin takaici ne ƙwarai. Ga iyalai kuma a saka kuɗin renon yara, don uwa ba za ta iya zuwa aiki ba in babu mai riƙe mata su.

Binta:
Na gode, Hajiya. To, za mu iya ce wa masu ba da tallafi aikin zai mayar da kuɗinsa?

Usman:
A yi hattara da wannan alƙawari. Tsarin fara ba da gida ba tare da sharaɗin barin shaye-shaye ba, wanda Sam Tsemberis ya soma a Niyok a 1992, Finland kuma ta mayar da shi manufar ƙasa a 2008, yana zaunar da mutane a gida, wannan ya tabbata. Amma gwajin da aka yi wa tsarin a birane biyar na Kanada daga 2009 zuwa 2013 ya nuna rarar da ake samu daga raguwar zuwa asibiti da gidan yari wani ɓangare kawai na kuɗin aikin take biya, sai ga waɗanda suka fi kowa kwanciya asibiti. Kuma rarar, asusun asibiti da na gidan yari take zuwa, ba asusunku ba.

Saboda haka ku zaunar da hukumar lafiya tun da wuri, ta sa hannu kan kasonta na shekaru da dama. Sannan mai karɓar haya daban, mai bibiya daban, domin mazauni ba zai faɗa wa wanda zai iya tashinsa matsalarsa ba.