Shawarwarin da aka bayar kan saita classpath a VS Code

Tambayar ita ce yadda ake saita classpath, wato jerin wuraren da harshen shirye-shiryen kwamfuta na Java ke duba fayilolin da shiri yake buƙata, a VS Code, manhajar rubuta shirye-shirye. Mafi yawan waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun yarda cewa idan Java ta kawo saƙon ClassNotFoundException, galibi ba ta gano inda fayil ɗin JAR, wato ƙunshin shirye-shiryen Java, yake ba ne. Ga ƙaramin aiki, sun ce a zuba fayilolin cikin foldar lib, domin VS Code can yake fara dubawa, sannan a ƙara wasu wuraren ta hanyar saitin java.project.referencedLibraries da ke cikin settings.json, fayil ɗin saitunan VS Code. Mai amfani da Maven kuwa, wato manhajar da ke haɗa aikin Java tare da ɗauko fayilolin da yake buƙata, ya rubuta abin da yake buƙata a fayil ɗinta na pom.xml, kada ya riƙa taɓa classpath da hannu. An kuma ja kunnen masu sauya kwamfuta: Windows da alamar ; take raba hanyoyin fayiloli a classpath, Linux kuma da alamar : take yi.