Neman shawara: an ce fayafayan ƙashin bayana sun zaizaye

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni tela ne a Kasuwar Dole, nan Damagaram, kuma ciwon kwankwaso ya matsa mini, har ruku'u yana yi mini wuya. Idan na daɗe zaune a kan keke ciwon yakan tsananta, idan na tashi na taka sai ya lafa. An ɗauki hoton bayana, likita ya ce fayafayan da ke tsakanin ƙasusuwan ƙasa sun zaizaye. Shin sai an yi mini aiki ne?

Amsar wata ma'aikaciyar jinya:

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ba ka lafiya. Ƙasusuwan kwankwaso 5 ne, kuma tsakanin kowane biyu akwai faifai mai taurin gefe da laushin ciki, wanda yake aikin matashi don kada ƙashi ya gogi ƙashi. Yawancin cikinsa ruwa ne. Idan shekaru suka ja, ruwan yakan ragu, faifan ya sirance, gefensa ya tsattsage, wurin ya kumbura, jijiyoyin da ke gefen su fara kai saƙon zafi. Zama, musamman a sunkuye, yana ɗora wa fayafayan ƙasa nauyi fiye da tsayuwa, shi ya sa keke yake tayar maka da ciwon. Kada hoton ya tsorata ka, domin mutane da yawa suna da irin wannan zaizaya ba tare da ciwo ba, kuma mafi yawan masu ciwon ba sa bukatar aiki. Jini kaɗan ne yake kaiwa faifan, motsi ne yake taimaka masa samun abinci, saboda haka doguwar kwanciya ba magani ba ce. Amma idan ƙafa ta yi rauni, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko fitsari da bayan gida suka ƙi riƙuwa, ka tafi asibiti a ranar.

Amsar wani dattijo:

Ƙanena, ni ma na sha wannan ciwo. Ka riƙa tashi daga keke kana zagayawa, ka sa tsumma a naɗe a bayan kujera, kuma idan za ka ɗauki kaya ka durƙusa da gwiwa. Ina roƙonka ka guji tramol na masu talla.

Ma'aikaciyar jinyar ta ƙara:

Gaskiya ne Baba. Diklofenak ma, idan aka daɗe ana sha ba da sanin likita ba, yana ɓata ciki da ƙoda. Idan kana shan taba ka daina, tana saurin busar da faifan.