Baba ya fara shan allopurinol, yanzu bakinsa duk gyambo: mu dakatar?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifina shekararsa 67, yana fama da toshewar jijiyoyin zuciya. Mako uku da suka wuce wani mai kemis ya ƙara masa allopurinol, maganin ciwon gawut, wai yana kare zuciya, alhali Baba bai taɓa ciwon gaɓoɓin nan na gawut ba. Shekaranjiya zazzaɓi ya rufe shi, idanunsa suka yi jawur. Yau leɓensa ya tsattsage, ko kunu ba ya iya haɗiyewa, ga jajayen tabo a ƙirji. Hajiyarmu ta ce ƙyanda ce. Don Allah me za mu yi?

Likitan zaure: Wa'alaikumus salam. Ku dakatar da allopurinol yanzu, ku kai shi sashen gaggawa a daren nan, kada ku jira gari ya waye. Magungunan zuciyarsa kuwa kada ku yanke da kanku, ku zuba duka a leda likita ya gani. Alamomin nan sun yi kama da Stevens-Johnson, mugun ciwon da wasu magunguna irin su allopurinol ke haddasawa, inda fata ke saluɓewa kamar ƙunar wuta. Yawanci a makonni takwas na farkon shan magani yake bayyana, kuma yana kisa.

Mai harhaɗa magunguna: Abin ya ɓata min rai, domin an riga an gwada maganar nan ta cewa allopurinol yana kare zuciya. Binciken ALL-HEART da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya bi masu ciwon zuciya kusan 6,000 a Birtaniya, 'yan shekara 60 zuwa sama marasa gawut, kusan shekara biyar. Allopurinol bai rage musu bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki ko mutuwa ba. Haɗarin fatar kuma tun 2005 masu bincike a Taiwan suka danganta shi da ƙwayar gado HLA-B*58:01, kuma ciwon koda na ƙara shi.

Wata 'yar uwa: Ƙanwata Septrin ne ya yi mata haka. Muka ɓata kwana biyu muna shafa mata man shanu, Allah Ya yafe mana. Kada ku shafa komai. Ku nace likitan ido ya duba shi, ita har yau idonta a bushe yake, kullum sai ta ɗiga magani. In ya warke, a rubuta sunan maganin a katinsa, kada ya sake shansa har abada.

Mai tambaya: Mun iso, an kwantar da shi, an sa masa ƙarin ruwa, an ɗebi jini za a duba koda. Ku sa Baba a addu'a.